Tayar Da Ke Tsaye Ma Tana Tsufa

 

A kan tayar motar da aka ajiye zan yi magana. A nan Wushishi, da an gama yankan shinkafa a fadamun kogin Kaduna an kai amfani kasuwa, sai ka ga tarakta da tirelarta an kafe su bayan gida tun Disamba har faɗuwar ruwan farko wajen Mayu. Mai ita gani yake ta huta. Inji kam ya huta, amma taya ba ta huta ba, domin nauyin ƙarfen nan kaf a wuri guda na roba yake zaune, dare da rana.

Masu ƙera taya suna cakuɗa robar da wani irin kaki da sinadarai masu kare ta daga rana da iskar ozon. Sai taya tana juyawa tana lanƙwasa suke tasowa sama. In ta daɗe a tsaye, na saman ya ƙare, na ciki bai fito ba, ga kuma zafin Maris da Afrilu da kuka sani. Nan za ka ga gefenta ya fara 'yan tsage-tsage kamar faso a diddige lokacin hunturu. Zanenta yana nan raɗau, kai ka ce sabuwa ce, alhali jikin ya mutu. Iska kuma tana zurarewa ko babu ƙusa, awo ɗaya zuwa biyu a wata. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi gefenta ke lanƙwashewa, kuma daidai nan take tsagewa.

Maganin bai kai kuɗin taya ɗaya ba. A wanke ta da ruwa da sabulu, a cire laka da tsakuwa, a ba ta iska daidai awon da kamfani ya rubuta, a sauke kayan tirela. Wanda ke da jak ya ɗaga, ya sa katako mai kauri ƙarƙashin ƙarfen ƙafa, taya ta bar ƙasa. In babu hali, a shimfiɗa mata katako faffaɗa, kuma duk wata a ɗan zagaya da motar don wurin zaman ya sauya. A nemi inuwa, ko a lulluɓe da farin tampol. Kada a kafe ta kusa da janareto ko mai walda, tartsatsin lantarki ozon yake haifarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai. Wasu suna shafa shi a taya wai don ta yi sheƙi kada ta bushe. Don Allah a daina. Mai da dizal da giris cin roba suke yi, su kumbura ta, su sa ta laushi. Masu faci, ku ake ji a wannan fanni, ku riƙa faɗa wa mutane.

Sai shekaru. A gefen tayar mota, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, kamfanin Michelin kuwa ya ce kowace iri ce kada ta haura 10. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, daga waje muke sayo taya, kuma wata ta daɗe a sito kafin ta iso Minna. Ta gwanjo kuwa ba a magana. Ku karanta lambar kafin ku biya.

Ranar da za a tayar da mota, a sake gwada iska da safe kafin rana ta yi zafi, a shafa gefen taya da hannu, ciki da waje. Wadda ta yi ƙari ko tsagarta ta nuna waya ba ta hawa titin Zungeru da lodi. A duba safaya ma, ita ce ta fi kowace daɗewa ba ta juya ba.