KAFIN MU KAI YARAN NAN GIDAN YARI

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya)



Da sakatare ya aiko mini cewa ni ne zan yi magana bana, sai da na yi kwana biyu ina neman hanyar zillewa. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya gaban malamin da ya taɓa sa shi tsallen kwaɗo, wai shi ne zai yi bayani. To amma da na karanta shawarar da kwamitinmu na tarbiyya ya kawo, sai na ga gara in zo. Ga waɗanda takardar ba ta iske su ba, shawarar ita ce ƙungiya ta ɗauki shatar mota, a kwashi ɗaliban da suka gagara, masu tsallake katanga da masu shaye-shaye, a kai su gidan yari su wuni, ko tsoro ya sa su shiga taitayinsu. Niyya ce mai kyau, ni ma da farko na gyaɗa kai. Daga baya ne na tuna da wani labari da muka karanta a jami'a, a darasin nazarin laifuffuka.

Wannan dabara an riga mu gwada ta. A shekarun 1970, a gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey ta Amurka, fursunoni masu ɗaurin rai da rai sun fara karɓar yara kangararru, suna daka musu tsawa, suna ba su labarin baƙar wahalar da ke jiransu in ba su daina ba. A 1978 aka yi fim a kan shirin mai suna Scared Straight, har ya ci lambar yabo ta Oska. Masu shirin suka riƙa cewa galibin yaran sun shiryu, garuruwa da dama kuma suka kwaikwaya.

Sai wani malami a Jami'ar Rutgers, James Finckenauer, ya yi wata tambaya mai sauƙi: sun shiryu idan an kwatanta su da wa? Ya bi sawun yaran da aka kai, ya kuma bi na wasu irinsu da ba a kai ba. Cikin wata shida, kashi 41 cikin ɗari na waɗanda suka je sun sake aikata laifi. A cikin waɗanda ba su je ba, kashi 11 ne kacal. Littafinsa ya fito a 1982. Wasu masana sun soki yadda ya raba yaran, kuma sukar tana da tushe. Saboda haka a 2002 Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi a Amurka, masu yara 946, inda ƙuri'a ce aka shirya ta raba wanda zai je da wanda zai zauna. Amfanin ƙuri'a shi ne kada wani ya ce ai tun asali mafi gagara aka zaɓa aka kai. Abin da suka samu shi ne ziyarar tana ƙara yawan masu komawa laifi. Ko da suka cire binciken Finckenauer daga lissafi, maganar ba ta canja ba.

Me ya sa? Nan ra'ayina zan faɗa, kuma malamanmu shaida ne. Lokacinmu, idan aka fito da yaro gaban asambuli aka yi masa bulala bai yi kuka ba, da dare a ɗakin kwana shi ne gwarzo, har kwaikwayon tafiyarsa muke yi. Yaron da ya je gidan yari ya dawo, labari ya samo, da shi zai riƙa burge 'yan ajinsu. Tsoron kuwa kwana nawa zai yi? Ga shi mun cusa su a mota ɗaya, mun gabatar da su ga juna, mun kuma shaida wa makaranta duka cewa waɗannan su ne ɓarayin gobe. Sannan a nan Nijeriya akwai wata matsalar: kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Yaro mai wayo zai tambayi gandiroba, kuma darasin da zai ɗauka ba shi ne wanda muka biya kuɗin mota dominsa ba.

Kada a ce na zo na rushe ban gina ba. Irin wannan gwaji na ƙuri'a ya nuna abin da ke aiki. A birnin Chicago akwai wani shiri a makarantu mai suna Becoming a Man, inda samari ke zama sau ɗaya a mako da wani babba, suna koyon yadda mutum zai tsaya ya yi tunani kafin ya kai hannu. A lokacin da ake shirin, kama yaran da 'yan sanda ke yi kan laifin faɗa da duka ya ragu da kusan rabi. Gaskiya bayan an gama raguwar ta dusashe, amma yawan masu kammala sakandare ya ƙaru. A Monrobiya ta Laberiya kuma, Christopher Blattman da abokansa sun gwada makamancin wannan a kan matasa 999, cikinsu har da tsofaffin mayaƙa da masu sayar da ƙwaya. Mako takwas ana zama da su kan danne fushi da tsara gobe, wasu aka haɗa musu da dala 200. Masu koyarwar da yawansu a titi suka taso su ma. Bayan shekara goma aka koma, aka tarar waɗanda suka samu zaman da kuɗin har lokacin sun fi sauran nisa da sata da rigima. Waɗannan manya ne, ba 'yan makaranta ba, don haka ba zan ce a kwafo shi sak ba.

Abin da nake roƙo, Shugaba, shi ne a jingine maganar mota. Mutum goma daga cikinmu da ke zaune a garin nan su ba da awa ɗaya duk mako, na tsawon zango biyu, bayan wanda ya san aikin ya horar da su. Kuɗin motar ya tafi wajen horon. Tunda yaran sun fi ƙarfinmu yawa, a jefa ƙuri'a a gaban Malam Firinsifal, waɗanda ba ta faɗa kansu ba su shiga zagaye na biyu. A buɗe rajista guda: wa ya yi fashin aji, wa aka kama, wa aka kora. Mu ma'aikatan gwamnati an san mu da buɗe fayil mu manta da shi, to wannan ni zan riƙe shi, kuma baɗi in muna raye zan karanta muku abin da ke ciki, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba. Na riga na ba sakatare sunana, saura tara.