Shugaban Ɗalibai: Wakilin Wane Ne?



A Rigachikun, a bakin hanyar da ta tashi daga Kaduna zuwa Zariya, hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take. An kafa ta a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta, domin ta horar da malaman da za su riƙe yaran da suka cika azuzuwa. Dubban malamai sun sami takardun shaidarsu ta hannunta ba tare da sun bar bakin aiki ba. Kowannensu kuwa, ranar da aka ba shi aji, yakan yi wani ɗan aiki da ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba, watau ya dubi yara ya nuna ɗaya ya ce shi ne monita. Wannan naɗi shi ne darasin mulki na farko da yaro yake gani da idonsa, kuma a kansa wannan lacca za ta tsaya.

Turawa ne suka kawo tsarin naɗa manyan ɗalibai su kula da ƙanana, daga makarantun kwana na Ingila. Ya kafu a irin su Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Bai zama baƙon abu ga Bahaushe ba, don a makarantar allo ma gardi yana tsare wa malam ƙolawa. Bugu da ƙari ya yi daidai da mulkin En'e, inda umarni yake saukowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A dubi aikin monita ko shugaban ɗalibai: rubuta sunayen masu surutu, tare 'yan makara a ƙofa, duba shara, tsayar da layi a ɗakin cin abinci. Duk saƙo ne daga sama zuwa ƙasa. Babu ko ɗaya a ciki da yake ɗaukar magana daga ƙasa ya kai ta sama, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan aka toshe wannan hanya, magana takan nemi wata. A shekarun 1930 ɗaliban Midil ta Kano sun yi yajin karatu, kuma Aminu Kano, yana yaro a lokacin, yana kan gaba. Abubuwan da suka yi kuka da su su ne ƙarancin sabulu, da rashin kyawun abinci, da tsananin dokoki. Sabulu dai! Abin da za a iya kashe maganarsa a zama guda da an sami mai kai ƙara da mai saurare. Lalle ne a lura da irin waɗannan ƙananan abubuwa, domin rikicin makaranta ba safai yake farawa daga aƙida ba. Daga kwanon tuwo yake tasowa, ko famfon da ya daina zuba.

A jami'a ma haka abin ya kasance, sai dai da jini. A watan Afrilu na 1978 gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi a janye, ba a janye ba, aka fita zanga-zangar neman sauke kwamishinan ilmi, Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibai a Legas da Samaru, aka kuma haramta ƙungiyar. Bayan shekara 8 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda suka rasu, hukumar jami'a ta hukunta shugabannin ƙungiyarsu, kuma a ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sanda suka sake kashe ɗalibai a Samaru. A duka biyun, hukuma ta huce fushinta a kan zaɓaɓɓun wakilai, watau mutanen da ya kamata ta zauna da su.

A tsakanin 2005 da 2006 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa na al'umma, aka kuma ware kujeru biyu ga ɗalibai, galibi shugaban maza da shugabar mata. Ci gaba ne babu shakka, ya kuma dace da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, wadda ta ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi. Amma kujera daban, baki daban. Yarinya 'yar shekara 14, wadda malamai suka naɗa saboda ladabinta, an zaunar da ita gaban wakilin hakimi da liman da hedimasta, ta yaya za ta buɗe baki ta ce bayan gidan mata ba shi da ƙyaure, ko wani malami ba ya shiga aji? Tarbiyyar gida ta hana ta ɗaga ido, balle murya. Kunyar nan ba aibu ba ce. Tsarin ne bai yi la'akari da ita ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A raba aikin tsaro da aikin wakilci: malamai su ci gaba da naɗa monitocinsu, amma kowane aji ya zaɓi wakilinsa da ƙuri'ar ɓoye. Wakilan su zauna su kaɗai kafin ranar kwamiti, su rubuta koke-kokensu a takarda da sunan ajin, don kada a riƙe yaro guda a zuci. Sa'an nan hedimasta ya karanta amsar kwamiti a taron safe, abin da aka yi, da abin da ba za a iya ba tare da dalilinsa. Malamin da yake kwas a Rigachikun yana iya gwada wannan a ajinsa tun zangon karatu mai zuwa, da kwalin alli wanda ya ƙare da 'yan guntayen takarda.