Hakkin Maigida da Ma'aikacinsa: Jawabi ga Masu Ƙananan Sana'o'i

Jama'a masu shaguna, da masu gidajen burodi, da teloli, da masu injin niƙa, wannan jawabi dominsu a ka yi shi. Galibinsu suna ɗaukar yara aiki da baki kawai, a yi musafaha, a ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. To, muddin ana zaman lafiya babu laifi. Amma ran da rigima ta tashi, sai maigida ya ce kaza a ka yi, yaro ya ce a'a kaza ne, alhali ba mai shaida a hannu. Maganin wannan kuwa abu guda ne, watau rubutu.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tilasta wa maigida ya ba ma'aikaci takarda kafin wata 3 su cika da kama aikinsa. A cikinta za a rubuta sunan maigida da na ma'aikaci, da irin aikin, da yawan albashi da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Wannan doka ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin rubuce-rubuce, amma ba ta haɗa da manajoji ko iyalin maigida ba.

Batun albashi, lalle ne a biya da kuɗi, ba da hatsi ko tufa ba, kuma kada a wuce wata guda ba a biya ba. Maigida ba shi da ikon cin ma'aikaci tara don kansa. In yaro ya jawo hasara da gangan ko da sakaci, sai da yardar jami'in ƙwadago za a yanke masa wani abu. Saboda haka ya kamata a ajiye littafin biya, kowa ya karɓa ya sa hannu. Doka ta ce a adana irin wannan lissafi har shekara 3.

Ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun kwana 6 na aiki, a ƙalla, da cikakken albashi. In ciwo ya kwantar da shi, likita kuma ya shaida, a biya shi har kwana 12 cikin shekara. Mace mai juna biyu tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. In ta yi wata 6 a wurin, a ba ta rabin albashinta ko fiye.

Sa'an nan ga sallama, wadda ita ce ta fi kai mutane gaban alƙali. Wanda bai wuce wata 3 ba, sanarwar kwana guda ta isa. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako guda. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Wanda ya kai shekara 5 kuwa, wata guda. Sanarwar mako guda ko fiye tilas ta zama a rubuce, ko kuwa a biya kuɗin kwanakin a madadinta. Misali, a ce mai gidan burodi ya fusata da wani da ya shekara 6 a bakin tanda, ya ce masa, “Tashi ka ba ni wuri, kada in sake ganinka.” In ba babban laifi ya yi ba, maigidan nan ya ɗauko wa kansa bashin albashin wata guda, ga kuma wahalar shari'a. Ko da laifin babba ne, kamar sata, abin da ya fi shi ne a rubuta wa mutum tuhuma, a ji ta bakinsa, kāna a yanke hukunci.

Akwai kuma haɗarin aiki. Inji ba shi da sabo, yakan cinye yatsa cikin ƙiftawar ido. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce maigida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata a asusun NSITF, daga aljihunsa, ba daga na yaransa ba. In wani ya ji rauni, a kai rahoto cikin kwana 7. Daga asusun nan a ke biyan magani da diyya, maimakon a karya jarin shago.

Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke jin ƙararrakin aiki, tana kuwa da rassa a Kano da Kaduna. A can takarda a ke fara tambaya. Wanda ya je hannu rabbana, da wuya maganarsa ta yi nauyi.

Kada maigida ya ga kamar rubutu rashin yarda ne, ko ya ji kunyar ɗan maƙwabcinsa. Takarda tana tsare maigida, tana tsare yaro, tana kuma tsare zumuncin iyayensu. Wanda abin ya shige wa duhu, sai ya nufi ofishin ƙwadago na jiharsa ya nemi bayani tun kafin ta ɓaci. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa albarka cikin nema, amin.