Arzikin Ƙasa Iri Biyu Ne

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Arkilla, Sakkwato

Iyayena da 'yan'uwana, yau maganarmu kan arzikin da Allah Ya shimfiɗa mana a ƙasa ce. Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai wanda in an ɗiba ya tafi ke nan. Akwai kuma wanda in an ɗiba yakan komo.

Na farkon yana nan kusa da mu. Kowa ya san motocin siminti da ke fitowa daga Kalambaina. Da wani farin dutse da ke ƙarƙashin ƙasar wurin ake yin simintin. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu yana hannun BUA. Masana sun ce dutsen ya samu ne lokacin da teku ta rufe wannan yanki, fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Har yau akan tsinci ɓawon halittun ruwa a cikinsa. To, ramin da aka haƙa bana, ko tattaɓa-kunnenmu ba za su ga ya sake cika da dutse ba. Haka zinariyar Zamfara take, haka man fetur.

Kashi na biyu shi ne ruwan gulbin Rima, da kifi, da itatuwa, da ƙasar noma, da jar akuyarmu. Akuya tana haihuwa, damina tana dawowa.

Amma fa a nan ne muke ruɗin kanmu. Wannan arziki ba ya komowa sai an bar masa iri. Masuncin da ya kwashe 'ya'yan kifi da raga mai ƙananan idanu, me zai kama baɗi? Ku dubi gawo. Yana zubar da ganye da damina, ya zama taki, gero ya yi kyau a gindinsa. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Aka sare shi, iska ta kwashe ƙasar gona, sai rairayi.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun sha wannan wahala. Tun wajen 1984 manomansu suka fara barin tohon kututture a gona. Yau miliyoyin itatuwa sun dawo, ba tare da an dasa su ba. Dabarar ba ta cin ko kwabo. Lokacin sharar gona, in ka tarar da kututture ya yi toho, kada ka ƙone shi. Zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran, ka kare su daga awaki.