Tsiron da ke zuwa cikin kwali

Tsirran ado masu ajiye ruwa a ganye da kara, dangin alobera da ƙariya, yanzu sun zama hajar da ake oda ta intanet a aiko da ita cikin kwali. Suna jure tafiya saboda ana iya kakkaɓe ƙasar saiwarsu su yi makonni ba ruwa, kuma wannan juriyar ce ta jawo musu ɓarayi. A yankin Namaqualand na Afirka ta Kudu, masu fasa-ƙwauri sun yi ta tone ƙananan tsirran Conophytum daga tsakanin duwatsu, har a 2023 aka sanya su ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji. Jihar Kaliforniya ma ta kafa doka a 2021 da ta hana tone wani tsiro irinsu mai suna Dudleya ba tare da izini ba. Saboda haka wajibi ne mai saye ya tambayi mai sayarwa: a lambu aka rene shi, ko daga daji aka tono?

Wani zai ce ɗan tsiro ɗaya a tukunya me zai rage? Ai wasu nau'o'in Conophytum a ɗan yanki ɗaya tak suke fitowa a duk duniya, girmansu kuma na ɗaukar shekaru. Buhu kaɗan ya isa ya shafe su. Wani kuma ya ce na daji ya fi ƙwari. A kan dutsensa, e. Wanda aka rena a lambu shi ya saba da tukunya, kuma bukatarsa kaɗan ce: ƙasa mai yashi da tsakuwa, tukunya mai huji a gindi, sannan bayan an dasa shi a jinkirta ban-ruwa na 'yan kwanaki har saiwar da ta karye ta warke, don ruɓa ta fi ƙishi kashe su.