Kafin A Biya Kuɗin Fili, A San Abin Da Ke Binne A Cikinsa

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)



Ciyaman ya ce in yi magana a kan sayen fili, ganin yadda mutanenmu a nan Ikko suka duƙufa neman wurin ajiye tireloli, da gina shaguna, da haƙa burtsatse don sayar da ruwa. To alhamdu lillahi, mun waye wajen takarda. Muna ɗaukar lauya, muna kiran safiyo, mun san yadda ake sallamar omo-onile. Amma jama'a, takarda ba ta faɗin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Filin da ya fi jan hankalinmu shi ne na bakin titi, mai faɗi, da kankare a shimfiɗe. Sau da yawa irin wannan tsohon gidan mai ne, ko garejin kamfani. An cire famfunan, an rushe rumfar, amma tankunan suna nan binne, don tono su kuɗi ne. Tankin ƙarfe kuwa tsatsa ke cin sa, balle a nan kudu da ruwan sama ya yi yawa, ruwan ƙasa kuma yana kusa. Da ya huje, fetur ko gas zai riƙa tsiyaya shekara da shekaru, ya sauka ya kwanta a kan ruwan da rijiya ke ja.

Ba sai mun je nesa ba. Ku tambayi mutanen Baruwa da ke Ipaja. Tun cikin shekarun 1990 man da ya ɗiga daga bututu ya ɓata musu rijiyoyi, mutum ya zura guga ya jawo ruwa yana warin fetur. A ƙasar Ogoni kuma, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu rijiyoyi a Ogale da sinadarin benzin ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade sau 900. Benzin ɗin nan yana cikin fetur, kuma yana jawo sankarar jini. Can bututu ne ba tanki ba, amma ƙasa ba ta bambancewa. To ka ɗauka kai ka haƙa burtsatse a irin wannan wuri, yaranmu 'yan garuwa suna kai wa mutane gida-gida. In an yi rashin lafiya, ƙofar wa za a buga? Mu baƙi ne fa, laifin mutum ɗaya duk Hausawa ake ɗora wa.

Binciken farko ba ya cin ko kwabo. Ka je ba tare da dillali ba, shi la'adarsa yake nema. Ka zauna da tsofaffin unguwa da kanikawa, ka tambaye su me ake yi a wurin a da. Sannan ka zagaya da ƙafa. Duba bututu siriri da ya miƙe a jikin katanga, wannan hancin tanki ne. Duba murfin ƙarfe a ƙasa, da inda aka yi wa kankare faci. In an ɗauke ruwan sama ka koma, ka ga ko ruwan da ya kwanta yana ƙyalli kamar bakan gizo. Ka roƙi maƙwabta ruwan rijiyarsu ka shaƙa.

In ka ga alama, sai a kira masana. Suna da na'urar da ke gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, sannan su huda wurare da dama, su ɗebi ƙasa da ruwa su kai ɗakin gwaji. Hukumar muhalli ta jiha, wato LASEPA, tana nan, lasisin gidajen mai kuma yana hannun NMDPRA tun da dokar man fetur ta 2021 ta rushe DPR. Na san za a ce kuɗi. E, kuɗi ne, amma bai kama ƙafar kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa mota-mota ba.

Abu ɗaya nake roƙon ku da girman Allah. In kun ci karo da tanki, kada ku kira mai walda ya yanka muku don a sayar wa 'yan gwangwan. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ya cika shi, tartsatsi ɗaya ya isa. Akwai masu aikin wanke shi su fitar da iskar kafin a taɓa.

Wajen ciniki kuma, lauya ya rubuta cewa kafin alƙalami zai dawo in gwaji ya nuna matsala, ko kuma mai filin ya tone tankin da kuɗinsa. In ya ƙi yarda a yi gwajin, ku tashi kawai.

Mai tambaya ya same ni bayan La'asar, ina nan wajen sakatare.