Hayar Mota Ko Mallakarta: Jawabin Ma'ajin Asusun Taimakon Juna A Taron Reshe

Shugaban reshe, iyayenmu da suka yi ritaya, malamai 'yan'uwana maza da mata.

An umarce ni in yi magana a kan tambayar da ta fi yawan zuwa teburina a bana: malamin da ke son sabuwar mota, ya karɓe ta haya ne, ko ya saya?

A Amurka da Ingila hayar mota ta dogon lokaci abu ne da aka saba. Mutum ya karɓi sabuwa, ya biya kuɗin wata-wata na kamar shekara uku, a ƙayyade masa nisan tafiyar da zai yi, wa'adi ya cika ya mayar. Dabarar tana ci a can domin darajar mota faɗuwa take yi tun ranar da ta bar kamfani. Mu kuwa, tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, wanda ya riƙe motarsa ya ga kuɗinta ya hau a kasuwa, ko da ta tsufa. Wanda ya yi haya ya mayar, ba abin da ya rage masa sai rasit.

Abin da aka fi tallata mana iri biyu ne, musamman tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. A murabaha, banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko. Motar taka ce, bashin kuma ba ya ƙaruwa. A ijara, motar ta banki ce, kai ɗan haya ne, mallaka sai ƙarshen wa'adi idan an rubuta haka. To a nan nake roƙonku ku natsu. A ƙa'idar fiƙihu, babban gyara da asarar da ba ta ganganci ba suna kan mai kaya ne. Amma takarda ake bi ranar rigima. Ku tambaya: in inji ya buga, wa zai biya? In albashi ya makara wata biyu, abin da ba baƙonmu ba ne, za a ɗauke motar? Abin da na riga na biya fa? In rai ya yi halinsa, me ke kan iyalina?

Sai inshora. Ta dole, wadda ke kare wanda ka buge, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Wannan mai sauƙi ce. Amma duk mai ba da mota bashi zai nemi cikakkiyar inshora ko takaful, kusan kashi 5 cikin ɗari na darajar motar kowace shekara. Motar miliyan goma, dubu ɗari biyar ke nan, kafin a zuba mata lita ɗaya. Man kuwa kun san labarinsa: daga ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023, ya haura 1,000 a ƙarshen 2024.

Ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai ba na kwamiti ba: ga mai albashin koyarwa, in har zai hau mota, saye ya fi haya, kuma 'yar Kwatano mai lafiya wadda bakanikenka ya duba ta fi sabuwa dal da za ta cinye kuɗin makarantar yara. Kowa ya yi zuru ya ga buzu, amma kada abin da ake yanka a albashinka, duka-duka, ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Na ga takardar albashin da abin da ya saura a cikinta bai kai kuɗin buhun masara ba, mai ita kuma yana da mota a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol.

Duk wanda aka ba takardar yarjejeniya, ya kawo ta ofishin asusu ranar Asabar bayan la'asar, mu karanta tare kafin ya sa hannu. Malamai mata, ku zo da maigida in da hali, domin sau da yawa shi zai tsaya muku lamuni.